Kallon tsuntsaye a ƙasar Katsina lokacin kaka da hunturu

Kallon tsuntsaye shi ne fita daji ko bakin ruwa don gane nau'in tsuntsaye, a ƙidaya su, a rubuta abin da aka gani, ba tare da harbi ko ɗana tarko ba. A ƙasar Katsina da Daura aikin ya fi armashi daga Oktoba zuwa Fabrairu, wato kaka da hunturu. A wannan tsakanin ne tsuntsayen damina ke yin kudu, baƙi kuma su sauka daga Turai da yammacin Asiya bayan sun ƙetare hamadar Sahara. Masu yin sa ba su da yawa. Akasari ɗalibai ne da malaman kimiyyar halittu da 'yan sa-kai, suna fita rukuni-rukuni.

Tarihi

Sanin tsuntsu daɗaɗɗen abu ne a ƙasar Hausa. Manomi na auna kusantowar damina da saukar shamuwa, maharbi kuma na ɗaura kan burtu a goshi ya duƙa don ya kusanci namun daji. Abin da ya zo daga baya shi ne rubutawa da adana lissafi.

A shekarar 1964 aka kafa ƙungiyar masana tsuntsaye ta Najeriya. Cikin jagororinta akwai John Elgood na Jami'ar Ibadan, da Robert Sharland wanda ya daɗe yana sa wa tsuntsaye zobe a ƙafa a Kano, da Hilary Fry na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Wajen 1978 ƙungiyar ta faɗaɗa ta zama ta Afirka ta Yamma, kuma daga 1979 take buga mujallar Malimbus. Rubuce-rubucen wancan zamani daga arewa sun fi karkata ga Kano, Zariya da bakin Tafkin Chadi. Katsina, wadda ba ta zama jiha ba sai 1987, kaɗan ta samu.

Fari ne ya ƙara jawo hankalin Turawa ga wannan yanki. A 1969 aka lura cewa wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, Sylvia communis, ya ragu da fiye da rabi a Birtaniya cikin shekara guda. Da aka bi sawu, sai aka danganta abin da ƙarancin ruwan sama a Sahel, inda yake cin rani. Tun daga nan masana suka ɗauki gonaki da fadamun wannan shiyya a matsayin rabin rayuwar tsuntsayen Turai.

An buɗe cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis a Jos a farkon shekarun 2000, kuma wajen ƙarshen 2015 ta soma shirin zana taswirar tsuntsayen Najeriya. Wannan shiri ne ya haifar da rukunonin 'yan sa-kai a arewa, ya kuma ba su tsarin aiki guda.

Masu tafiya da masu zuwa

Shamuwa, Ciconia abdimii, takan yi sheƙa a bishiyoyin cikin gari da damina, kuma mutane ba sa taɓa ta. Da ruwa ya ɗauke, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, sai ta taru garke-garke ta nufi gabashi da kudancin Afirka. Rubuta ranar da aka yi mata ganin ƙarshe na cikin ayyukan farko na kaka.

Kafin ta gama tafiya baƙi sun fara isowa. Akwai tsattsewar Turai, da babbar farar shamuwa mai jan baki da jajayen ƙafafu, da ƙananan agwagin ruwa, da tsuntsayen bakin taɓo masu dogayen ƙafafu. Akwai kuma wani siriri mai rawayan ciki da ke bin ƙafafun shanu yana kaɗa wutsiya, yana tsintar ƙwarin da suka tayar. Ƙananan baƙi masu cin ƙwari sun fi son gawo, domin shi ne ke fitar da ganye da rani lokacin da sauran itatuwa suka kakkaɓe. Saboda haka gonar da aka girbe gero aka bar mata gawonta takan fi wani dajin tara tsuntsaye. Aduwa da bagaruwa ma suna da nasu rabon.

'Yan gida irin su balbela, zalɓe, kirinjijiya, dinya, hasbiya da cilakowa suna nan, sai dai suna matsowa inda ruwa ya rage.

Wurare

Yayin da kududdufai ke ƙafewa, tsuntsayen ruwa na tattaruwa a madatsun ruwa: Ajiwa kusa da birnin Katsina, Zobe a Dutsin-Ma, Jibiya a kan iyaka, Sabke da Daberam a ƙasar Daura, Mairuwa da Gwaigwaye a Funtuwa. Mai son ganin dubban tsuntsaye wuri guda sai ya yi tafiya zuwa dausayin Haɗeja da Nguru, a jihohin Jigawa da Yobe.

Yadda ake fita

Ana tashi bayan sallar asuba, da rigar sanyi, da tabarau mai hangen nesa, da littafin hotunan tsuntsaye, da waya. A ƙauye akan fara gaida mai unguwa a faɗa masa abin da ya kawo mutum, don baƙo mai leƙe-leƙe da na'ura a bakin ruwa abin zargi ne. Masunta da masu noman rani sukan nuna inda agwagi ke kwana. Ranar da hazo ya yi kauri ba a iya bambance launi daga nesa, sai a dogara da siffa da kuka.

A tsarin taswirar an yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 tsawo da faɗi. Mai kallo zai yi aƙalla awa 2 a cikin gida guda, ya shigar da kowane nau'i bisa jerin yadda ya gan shi a manhajar BirdLasser. Ana kuma bikin ranar tsuntsaye masu ƙaura ta duniya a Asabar ta biyu ta Oktoba, ban da wadda ake yi a Mayu.

A Janairu ake ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya, wadda aka fara a 1967. An zaɓi watan ne saboda masu ƙaura sun zauna wuri guda, ba a cika ƙirga tsuntsu sau biyu ba.

Matsaloli

Rashin tsaro ya hana shiga dajin Rugu da wasu sassan yammacin jihar. Ungulu, wadda a da take cika mahauta, ta ragu ƙwarai, har aka sa ta cikin masu gab da ɓacewa a 2015. Ana danganta hakan da guba da cinikin sassan jikinta don magani. Game da feshin tsuntsayen jan-baki da jirgin sama kuwa, manoma na neman sa don kare dawa da shinkafa, masu kare muhalli na cewa yana kashe wasu tsuntsayen.