Goldback

Goldback wani kuɗi ne na kamfani mai zaman kansa da aka fara fitarwa a jihar Utah ta Amurka a 2019. Yana da siffar takardar kuɗi, amma ba takarda ba ce: zinare ne tsantsa, mai karat 24, da aka shimfiɗa siriri tsakanin ledoji biyu masu ƙwari. Jeremy Cordon na cikin waɗanda suka kafa kamfanin, buga kuɗin kuma aikin kamfanin Valaurum ne da ke jihar Oregon.

Nauyi da ƙira

Goldback ɗaya na ɗauke da kashi 1 cikin 1,000 na oza guda ta zinare, wato kimanin giram 0.031. Jerin farko ya fito da na 1, 5, 10, 25 da 50, na 50 ɗin kuwa kashi 1 cikin 20 na oza ne. Ana mayar da zinaren tururi a cikin na'urar da aka zuƙe iskarta, ya riƙa sauka a kan ledar har ya kai nauyin da ake so, sannan a rufe shi da leda ta biyu.

Matsalar da aka yi niyyar warwarewa tsohuwa ce. Zinare ya yi tsada da yawa ga cefanen yau da gobe, sulallan da zai yi daidai da kuɗin burodi kuma ƙanƙantarsa ta isa ya ɓace a aljihu. Shimfiɗa shi a leda ya sa ana iya ƙirga ɗan mitsitsin zinare a kuma miƙa shi hannu da hannu.

Zane-zane

Kowace jihar da aka buga wa Goldback tana da nata jerin. Bayan Utah sai Nevada a 2020, New Hampshire a 2021, Wyoming a 2022, South Dakota a 2023, sai Florida a 2025, wadda ta zo da na rabi da na 100. Kusan kowace takarda na ɗauke da hoton mace mai wakiltar wata kyakkyawar ɗabi'a, da sunanta a Latin, kewaye da dabbobi, tsirrai da alamomin tarihin jihar. A jerin Utah akwai Veritas (gaskiya), Justitia (adalci) da Libertas ('yanci). Wannan ado ne ya jawo masu tara kayan tarihi, har ma da yawan masu saye adanawa suke yi, ba kashewa ba.

Matsayi a doka da farashi

Gwamnatin tarayyar Amurka ba ta ɗauki Goldback a matsayin kuɗin ƙasa ba, don haka babu ɗan kasuwar da ya zama dole ya karɓa. Ciniki da shi sai da yardar mai saye da mai sayarwa. Fara shi a Utah yana da dalili, domin a 2011 jihar ta yi dokar amincewa da sulallan zinare da azurfa na gwamnatin tarayya a matsayin kuɗi. A shekarar ce kuma kotu ta samu wani mai suna Bernard von NotHaus da laifi kan sulallansa masu zaman kansu, Liberty Dollar, da suka yi kama da na gwamnati. Goldback dai ba sulalla ba ne, kuma ba ya kama da dala.

Babban sukar da ake yi masa ita ce tsada. Farashinsa yakan kai kusan ninki biyu na darajar zinaren da ke ciki: idan oza tana dala 2,000, zinaren Goldback ɗaya dala 2 ne, amma a sayar da shi wajen dala 4. Kamfanin na danganta ƙarin da kuɗin bugawa da sauƙin kashewa. Ga wanda ajiyar dukiya kawai yake nema, sulalla ko sandar zinare ta fi araha nesa ba kusa ba, kuma rarar da aka biya ba ta dawowa sai an samu mai karɓa a kan farashin da kamfanin ke wallafawa kullum a shafinsa na intanet.