Waiwaye: Yadda Suwal, garin masunta, ta koma sansanin masu kimiyya

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Madina daga Jidda ya wuce ta gefen Suwal, ko Tuwal kamar yadda bakin mutanen Jidda ke faɗa, ko da bai lura ba. Tazararta da Jidda kamar kilomita 80 ce ta arewa, a bakin Bahar Maliya. Mu da muka tashi a unguwannin Karantina da Hindawiyya na Jidda ba mu san ta da komai ba sai kifi. In an samu ɗan sarari a aljihu, sai a cika mota da yara a nufi can da yamma, a zaɓi najil ko hamur da hannu, a auna, a soya, a kawo shi kan shinkafar sayadiyya, a zauna a ƙasa a ci. Kwale-kwalen masunta a ɗaure a gaɓa, iska na kawo ƙarnin teku. Suwal ke nan a da.

Abin da ya sauya mata ƙaddara shi ne burin mutum ɗaya. Sarki Abdullahi bin Abdul'aziz, Allah ya jiƙansa, ya ce ya shafe shekara 25 yana mafarkin kafa wata jami'a da za ta zama sabon Baitul Hikma, irin wanda aka yi a Bagadaza zamanin Abbasiyawa. Da ya tashi aiwatarwa bai miƙa aikin ga ma'aikatar ilimi ba. Kamfanin mai na Aramco ya ɗora wa, ƙarƙashin kulawar ministan mai na lokacin, Ali Al-Na'imi, don ya san su ne ba sa wasa da wa'adi. Aka aza harsashi a watan Oktoba na 2007, aka buɗe ranar 23 ga Satumba, 2009, ranar bikin ƙasa. Ƙasa da shekara biyu ke nan, a fili mai murabba'in kilomita 36. Sunanta Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sarki Abdullahi, amma kowa KAUST yake cewa.

A waɗannan watanni na gini mutanenmu da yawa sun ci abinci a wurin. Wani dattijo maƙwabcinmu, direban motar ɗaukar ma'aikata, kullum kafin asuba yake fita, a hanya yake sallah. Na taɓa tambayarsa, "Baffa, wai me ake ginawa haka ba dare ba rana?" Ya ce, "Ɗana, makaranta ce aka ce, amma ni gari nake gani." Gaskiyarsa. An yi gidajen malamai da na ɗalibai, da makarantun yaransu, da asibiti, da kantuna, da masallaci, da tashar jiragen ruwa, har da wata doguwar hasumiya a bakin teku da ake hangowa daga nesa. Aka kewaye duka da shinge, aka sa ƙofa da masu gadi.

Abin da ke bayan shingen nan ne ya tayar da ƙura. KAUST ce jami'a ta farko a Saudiyya da maza da mata suka zauna aji ɗaya. Mata na tuƙa mota a ciki tun 2009, alhali a waje sai a 2018 aka ba su dama. Wani ɗan Majalisar Manyan Malamai, Shaikh Sa'ad Al-Shisri, ya fito a talabijin ya soki cakuɗuwar, ba a jima ba Sarki ya sauke shi daga majalisar a watan Oktoba na 2009. A zaurukanmu ma an yi ta muhawara, wasu na cewa an kawo Turai bakin Harami. Yau in mutum ya dubi titunan Jidda da Riyad, zai ga cewa abin da aka gwada a Suwal ne ya bazu.

Ta fuskar aiki kuwa, ba a yin digirin farko a can, sai na biyu da na uku, kuma da Turanci ake koyarwa. Shugabanta na farko, Choon Fong Shih, daga Singafo aka ɗauko shi, wanda ya gaje shi kuma daga jami'ar Caltech ta Amurka. Tun ranar farko aka girka katafariyar kwamfuta mai suna Shaheen, wato shaho, kuma ta biyunta da ta zo a 2015 ta kai matsayi na bakwai a duniya wajen saurin lissafi. Binciken da suka fi ba ƙarfi shi ne abin da ke damun ƙasar kanta: tace ruwan teku ya zama na sha, wutar hasken rana da yadda ƙura ke dusashe allunanta, murjanin Bahar Maliya, da noma a ƙasa mai gishiri. Daga nan ne kamfanin Red Sea Farms ya fito a 2018, wanda ya fara da noman tumatir a rumfunan da ake sanyayawa da ruwan gishiri. Ni wannan ya fi burge ni fiye da kowace kwamfuta, don duk wanda ya sayi tumatir a Jidda da bazara ya san zafin kuɗinsa.

Sannu a hankali manyan kamfanoni suka buɗe ɗakunan bincike a harabar, Aramco da SABIC da Dow na cikinsu, aka kuma kafa shirin TAQADAM mai tallafa wa matasa masu sabbin kamfanoni. Can gaba kaɗan, a Birnin Tattalin Arziki na Sarki Abdullahi kusa da Rabig, jirgin ƙasan Haramaini ya fara tsayawa a 2018, kamfanin Lucid kuma ya buɗe masana'antar harhaɗa motocin lantarki a 2023. A shekarar ce Yarima Muhammad bin Salman ya sanar da sabuwar alƙibla ga jami'ar, da asusun riyal miliyan 750, yana neman bincike ya daina tsayawa a takarda, ya koma kayan da za a sayar.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne namu rabon. Ɗalibin da aka ɗauka a KAUST ba ya biyan kuɗin karatu, ana ba shi masauki da kuɗin kashewa da kulawar asibiti, kuma ba a ce sai ɗan ƙasa ba. Matasa na tasowa tun daga Nijeriya su shiga. Amma yaranmu da aka haifa a nan, tafiyar awa ɗaya da ƙofar, da yawansu matsalar iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar, ta katse musu karatu tun kafin su kai jami'a, wasu kuma Larabci ne cike da baki, Turancin babu. Kwanaki na kai wani ɗan ƙanwata Suwal cin kifi, yaro mai kan lissafi, yana ajin ƙarshe na sakandare. Da muka taso na rage gudu a daidai ƙofar jami'ar, ya leƙa ta taga ya daɗe yana kallon hasumiyar. Sai ya ce, "Kawu, wane irin sakamako suke nema?" Tun a motar muka buɗe shafinsu a waya muka fara dubawa.