Ba a Gwajin Likitanci a Kan Mai Nakasa Sai da Yardarsa

Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin masu nakasa a Disambar 2006, ta fara aiki a Mayun 2008. Sashe na 15 ya ce ba za a yi wa kowa gwajin likitanci ko na kimiyya ba sai ya yarda don raɗin kansa. Wannan magana tana cikin sashen da ya haramta azabtarwa da wulaƙanci, kuma da dalili. A makarantar Willowbrook da ke jihar New York a Amurka, daga shekarun 1950 aka riƙa sa wa yara masu nakasar ƙwaƙwalwa ƙwayar cutar da ke jawo ciwon hanta da gangan don nazari. Iyaye sun sa hannu, amma wasunsu ta haka kaɗai za su samar wa 'ya'yansu gurbi.

To, mai galahanga (autism, yanayin da ke shafar yadda mutum yake sadarwa da mu'amala da mutane) wanda ba ya magana da baki fa, ta yaya za a san ya yarda? Nan sashe na 12 ya shigo: mai nakasa yana da ikon yanke wa kansa hukunci kamar kowa, kuma wajibi ne hukuma ta samar masa tallafin yin hakan. A yi masa bayani da kalmomi masu sauƙi ko hotuna, a bar shi ya amsa a rubuce ko ta na'ura, a ba shi lokaci, ya zo da wanda ya amince da shi. Aikin mai rakiyar ya isar da abin da mutumin yake so, ko da ra'ayinsu ya bambanta. A ganina nan ne aka fi tauye mutane, domin sau da yawa likita yakan kalli ɗan rakiya yana tambaya, mai jikin kuwa yana zaune.

Idan yaro ne, izinin iyaye bai rufe magana ba. Sanarwar Helsinki, ƙa'idar da Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta fara fitarwa a 1964, ta ce a nemi amincewarsa gwargwadon fahimtarsa, in ya ƙi a girmama ƙinsa.

Masu fafutuka, waɗanda ke ɗaukar galahanga a matsayin bambancin aikin ƙwaƙwalwa, suna neman a yi shawara da su tun kafin a tsara bincike. A 2021 an dakatar da aikin Spectrum 10K a Birtaniya, mai neman tattara ƙwayoyin halittar masu galahanga 10,000, bayan su kansu sun tambayi wa zai riƙe bayanan da me za a yi da su.