Tsohon ƙaramin babur Honda Monkey: yadda ake gane shi da yadda ake farfaɗo da shi

Wane irin babur ne wannan, kuma daga ina ya fito?

Asalinsa Japan. A 1961 Honda ta ƙera wani ɗan babur mai suna Z100 don yara su riƙa hawa a filin wasa na Tama Tech, kusa da Tokyo. Idan babba ya hau sai ya takure, gwiwoyi a waje, shi ya sa aka laƙaba masa Monkey, wato biri. A 1967 aka fitar da Z50M, sai 1968 aka kai Z50A kasuwar Amurka da sunan Mini Trail. Z50A ɗin injinsa 49cc ne, giya uku, babu hannun kuloci, tayarsa inci 8, ƙahonsa kuma ana naɗe shi a jefa babur ɗin a but ɗin mota. Honda ta daina ƙera mai 50cc a 2017.

Ta yaya zan san wanda na samu na asali ne?

Kada ka yarda da rubutun jikin tanki, sitika ko'ina ana sayar da ita. Lamba ake dubawa, kuma guda biyu ce. Ta farko tana buge a wuyan babur, inda ƙaho ke juyawa. Ta biyu tana jikin inji ta hagu, can ƙasa, galibi baƙin mai da ƙura sun rufe ta. Ka jiƙa tsumma da kananzir ka goge a hankali, ka haska fitilar waya ta gefe, haruffan za su fito. Kada ka sa takardar yashi, don wani lokaci bugun ba shi da zurfi, kana gogewa ka tafi da shaidar babur ɗin gaba ɗaya. Idan Z50A ne, lambar wuya da Z50A take farawa, ta inji kuma da Z50AE.

Wannan dubawa ta zama dole saboda kamfanonin China sun kwaikwayi Monkey sosai, daga nesa ba ka bambance su. Akwai kuma na asalin da aka cire masa inji aka ɗora na zamani. Irin wannan zai yi tafiya lafiya, amma ba kuɗinsu ɗaya da wanda injinsa bai taɓa sauka ba.

Shekarar ƙira fa?

Ka leƙa baya. Z50A na farko-farko ba su da shokazoba a baya, ƙarfe ne zalla har zuwa taya, sai a 1972 aka sa musu. Na 1968 ko fitila bai zo da ita ba. Idan kuma ka ga ya ɗan fi girma, tayarsa inci 10, gangar jikinsa faffaɗan ƙarfe ne da tanki a ɓoye ƙarƙashin kujera, to ɗan'uwansa ne CT70, wanda ya fito a 1969.

Ya daɗe a ajiye. In zuba mai in buga kik?

A'a, ka yi haƙuri tukuna. Nan ne mutane suka fi yin ɓarna. Ka cire fulogi, ka ɗiga ɗan baƙin mai ta ramin, ka bar shi ya kwana. Washegari ka danna kik da hannu a hankali. In ya juya, madalla. In ya cije, fistin ya kama da tsatsa, kuma taka shi da ƙarfi ringi zai karya ko ya karce silinda. Ka ci gaba da jiƙa shi na kwanaki, in ya ƙi a buɗe kan inji.

Da ya juya, ka zubar da tsohon baƙin mai ka sa sabo na babur, don kulocinsa a cikin mai yake wanka. Ka kwance kafireta ka wanke, domin tsohon fetur yakan daskare kamar ƙaro ya toshe ƙananan hujojinta. Da iska ake hure su, ba a zura musu allura. Sannan ka duba wuta: ka jingina fulogi a jikin inji, ka buga kik, ka ga ko tartsatsi zai fito. Tsofaffin suna amfani da kwantak ne, wato ƙananan ƙarafa biyu da ke haɗuwa suna rabuwa don fulogi ya ba da tartsatsi, sau da yawa datti kawai ya hana su wuta. Tazarar bawul, inji yana sanyi, milimita 0.05 ce.

Tanki ya yi tsatsa a ciki, a yar da shi?

Tankin asali ya fi wuyar samu a kan kusan komai, don haka in bai huje ba a cece shi. Ka zuba ƙananan notina da kananzir ka girgiza sosai, ka ɗauraye, ka shanya ya bushe ƙayau, ka sa matatar mai kafin kafireta. Ka lura da murfin ma: yana da ɗan makunni na iska da ake rufewa idan za a kwantar da babur a mota. In ka manta shi a rufe, injin zai tashi, ya ɗan yi tafiya, ya mutu.

Ina za a samu kayan gyara?

Injinsa kwantacce ne, dangin na Super Cub, wato irin na baburan da muke kira roba-roba. Duk bakaniken da ya saba da su ba zai yi baƙunta a nan ba, kuma wasu ƙananan kaya kan yi daidai. Ka tafi kasuwa da tsohon a hannu, a gwada. Ka tuna wutar tsofaffin bolt 6 ce, kwan fitila mai bolt 12 ba zai yi haske sosai ba.

Akwai abin da ke da haɗari a aikin?

Ƙafafun, wato ƙarfen da taya ke zaune a kai. Kowanne ɓari biyu ne aka haɗe da notina. Ka sace iskar taya ƙaf kafin ka taɓa noti ko ɗaya, in ba haka ba ɓarin zai iya tsalle ya ji maka ciwo.

A sake masa fenti?

Ni ba na gaggawar wannan. In fentin kamfani yana nan, ko ya koɗe, a wanke a shafa masa man sheƙi, masu tara tsofaffin babura sun fi son sa a haka. In tsatsa ta ci ƙarfe, dole a kankare a fesa sabo. Kafin nan ka ɗaga kujera ko ka cire tanki, inda rana ba ta taɓa ba, za ka ga ainihin launin da ya fito da shi daga kamfani. Ka ɗauki hotonsa ka kai wa mai fenti.