“Don bincike kawai” ba yana nufin magani ne ba

Masu ɗaga ƙarfe da masu fama da ciwon gaɓoɓi sun daɗe suna ɗauka cewa ’yar kwalbar BPC-157 (wani garin sinadari da ake zuba wa ruwa a yi allura da shi) da ake saya a intanet magani ne da ake gwadawa, mai sanannen awo. Ba haka ba ne. Rubutun “don bincike kawai” da ke jikin kwalbar kariya ce ga mai sayarwa, domin hukumar magunguna ta Amurka ba ta amince a yi wa mutum allurarsa ba. Hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya ma ta haramta shi tun 2022.

Awon da ake yayatawa kuwa daga gwajin ɓeraye aka ƙiyasto shi, galibi na masu bincike a Zagreb, babban birnin ƙasar Croatia. Ɓera ba mutum ba ne.

Sai batun “tsabta kashi 99”, iƙirarin masu sayarwa wanda ya fi ruɗar mutane. Wannan lissafin sinadarin ne kawai, bai ce babu ƙwayoyin cuta ko dafinsu a ciki ba. Da zarar an zuba wa garin ruwa ya fara lalacewa, firji kuma jinkirta lalacewar yake yi, ba ya kashe ƙwayar cutar da allura ta shigar.