Waiwaye: Ummu Kulsum tsakanin dangi da abokan sana'a, daga ina gardamar ta faro?

Fiye da shekara hamsin ke nan da rasuwar Ummu Kulsum, shahararriyar mawaƙiyar Masar, amma har yau Misirawa ba su gama ja-in-ja a kanta ba. Batun murya kowa ya sallama mata. Halinta ne ake ta tonawa, musamman zamanta da 'yan uwa da abokan aiki. Fim ɗin da aka fitar kan rayuwarta a ƙarshen 2025 ya sake tayar da ƙurar. Wasu sun ce an nuna ta mace mai taurin zuciya da riƙon kuɗi, wadda ta juya wa mahaifinta da wanta baya da ta samu duniya. Wasu kuma sun ce gara haka da hoton da wasan talabijin na 1999 ya bar wa mutane, na baiwar Allah da ba ta taɓa ɓata wa kowa rai ba. Wanda ya tsinci zancen a tsakiya zai zaci jiya aka fara shi, alhali ya kusa shekara ɗari.

Farkon labarin sananne ne. 'Yar limamin ƙauye ce, Shehu Ibrahim na Tamay az-Zahayra a lardin Daƙahliyya. Limanci bai isa ya riƙe gida ba, don haka yakan je bukukuwan aure da na maulidi yana rera yabon Manzon Allah (SAW) ya samo na cefane. Yana koya wa ɗansa Khalid, ita tana gefe tana ɗauka da ka. Da ya ga muryarta ta fi ta kowa a gidan sai ya sa ta cikin ayarin, amma da shigar 'ya'ya maza, don kada a ce 'yar liman na waƙa a gaban jama'a. Ƙauye bayan ƙauye, a ƙafa, a jaki, a jirgin ƙasa, har suka tare a Alƙahira a 1923.

Masu ba da tarihinta kan yi tsalle daga nan su dira kan gidan rediyon Masar da aka buɗe a 1934, da fina-finanta shida tsakanin 1936 da 1947, da wasan Alhamis ɗin farko ta kowane wata. Shekarar 1926 layi ɗaya ake ba ta. A ganina kuwa duk abin da ake gardama a kansa yau a wannan shekarar aka ƙulla shi.

Alƙahirar da ta tarar tana da nata gwanaye, irin su Munira al-Mahdiyya da Fathiyya Ahmad, masu waƙa da cikakken ayarin makaɗa. Ita kuwa sai ta hau dandamali da mahaifinta da wanta da wasu dangi, da rawuna da manyan riguna, suna yi mata amshi ba ganga ba goge, kamar yadda suka saba a ƙauye. Mutanen birni suka yaba muryar, suka raina ayarin. Aka riƙa faɗa a fili cewa yarinyar ba za ta yi nisa ba muddin waɗannan dattawan na bayanta. Ana cikin haka tsegumi ya ɓarke a gari kan mutuncinta, irin wanda ba a raba mace mawaƙiya da shi a wancan zamani. Abin ya taɓa Shehu Ibrahim har ya ƙudura kwashe iyalinsa ya koma ƙauye. Abokan arziki daga manyan gidajen birnin, waɗanda suka riga suka karɓi yarinyar tamkar 'yarsu, su suka lallashe shi ya zauna.

Zaman ya zo da sauyi. A shekarar ta ɗauki ƙwararrun makaɗa: Muhammad al-Ƙasabji mai kaɗa ud, molon Larabawa, Sami al-Shawwa mai goge, Muhammad al-Aƙƙad mai ƙanun, wani abin kiɗa mai tsirkiyoyi da yawa. Ta ajiye shigar maza ta koma doguwar riga mai rufe jiki. Waƙoƙin soyayya na sababbin marubuta suka fara rinjayar yabon da ta taso da shi. Sannu a hankali mahaifi da wa suka bar dandamalin.

Duk wanda ya san gidan makaɗan Hausa ya san nauyin wannan. 'Yan amshi yawanci 'yan gida ne, kuma ranar da aka ce ɗan uwa ya ajiye amshi don an samo wanda ya fi shi iyawa, ba aikin kaɗai ya rasa ba, har da matsayinsa a idon jama'a. A nan kuma uba ne, malami, wanda shi ya fara ɗora ta a kan hanya. Babu yadda za a yi wannan ya wuce bai bar tabo ba, ko da da yardarsa aka yi.

Akwai kuma abin da ita ta rasa, wanda ba a cika lissafawa ba. Tsayuwar liman a bayanta ita ce shaidarta ta 'yar mutunci. Rawaninsa na gaya wa masu kallo cewa wannan ba irin matan gidajen shaye-shaye ba ce. Da ya sauka, dole ta zama mai tsaron kanta. Daga nan ta fara zaɓen inda za ta yi wasa da inda ba za ta taka ba, da wanda za ta zauna da shi, da ɗan jaridar da za ta yi wa magana da abin da za ta gaya masa. Ƙofar gidanta ta rufe ta ruf. Wannan kamewar da ake fassarawa yau da girman kai, mace ce da ta ga yadda 'yan kalmomi suka kusa mayar da ita ƙauye, ta ɗaura aniyar ba za a sake ba.

Haka batun kuɗi. Dangin sun bar dandamali, amma ba su bar cin abinci daga muryarta ba. Da farko mahaifin ne ke shiga tsakani a cinikin wasa. Kafin ƙarshen shekarun 1930 ita da kanta take zama da kamfanonin faifai da masu gidajen wasa, tana yanka farashi ba ta ragi. Wadda ta taso gidan da ake ƙirga kwabo kafin a tura yaro makarantar allo, kuma ta wayi gari bakuna da yawa na jiran hannunta, ba abin mamaki ba ne in ta yi tsanani a ciniki. Namiji ne ya yi haka da sai a ce ya iya riƙon gida.

Abotarta ma a wannan ma'aunin ta tafi. Mutanen da suka maye gurbin dangi a bayanta sun zama aminai, amma aminan da sana'a ta haɗa, kuma sana'ar ce a gaba. Marubuci Ahmad Rami, wanda suka haɗu a 1924, ya rubuta mata waƙa 137. Ƙaunar da yake mata ba ɓoyayya ba ce, ita kuma ta riƙe shi aboki har ƙarshen ranta. Al-Ƙasabji ya tsara mata kiɗan da ya ɗaga ta a ƙarshen shekarun 1920. Bayan fim ɗinta na ƙarshe ba ta ƙara rera sabon tsarinsa ba, domin kunnenta ya karkata ga wani mai tsara kiɗan, Riyad al-Sunbati, amma bai tafi ba: ya ci gaba da zama a bayanta da ud ɗinsa har ya rasu a 1966. Masu zarginta da rashin tausayi wannan suke fara kawowa. Sukan manta cewa shekara arba'in kujerar tasa ce, ba ta ba wani ba. Da Shehu Zakariyya Ahmad kuwa, shi ma mai tsara mata kiɗa, har kotu aka je kan haƙƙin waƙoƙi, aka shafe fiye da shekara goma ba a aiki tare, sannan suka shirya a 1960 ya tsara mata waƙa guda kafin rasuwarsa a farkon 1961.

A cikin gida labarin daban ne. Gidanta na unguwar Zamalek, a bakin kogin Nilu, bai taɓa rabuwa da dangi ba. Mahaifiyarta Fatima a wurinta ta zauna har ta rasu, 'ya'yan 'yan uwanta kuma a hannunta da yawansu suka tashi, wasu suna yi mata rakiya a tafiye-tafiye. Ba ta haihu ba. Sai a 1954 ta auri likitan fata Hassan al-Hifnawi, suka zauna har rasuwarta ranar 3 ga Fabrairu, 1975, kuma shi ma bai zama mai yawan magana da 'yan jarida ba.

Wannan shirun ne ya bar filin da kowa ke shuka abin da ya ga dama. Kusan duk abin da ake kafa hujja da shi a yau daga bakin makaɗa da marubuta da 'yan jarida ya fito, wato mutanen da suka san ta a wurin aiki, inda take shugaba mai ba da umarni da biyan lada. Waɗanda suka san ta a matsayin 'ya, ƙanwa ko inna kaɗan ne suka bar wani abu a rubuce. Gidan Zamalek ɗin kansa an rushe shi 'yan shekaru bayan rasuwarta, otal ne a wurin yanzu, kayanta da suka rage kuma suna gidan tarihin da aka buɗe da sunanta a tsibirin Rauda a 2001.