Waiwaye: Wa ke da ikon kashe wutar daji a yammacin Amurka?

Duk shekarar da wutar daji ta tashi a yammacin Amurka, sai cacar baki ta biyo baya. Jihohi na cewa a kashe kowace wuta tun tana ƙarama, ɓangaren tarayya kuma na ganin akwai wadda ya kamata a bari ta cinye busassun itatuwa. Asalin rigimar ya haura shekara ɗari.

Tushenta mallakar ƙasa ne. Gwamnatin tarayya ce ke da kusan kashi 80 cikin ɗari na ƙasar jihar Nebada, kuma fiye da rabin dazuzzukan Kalifoniya nata ne. A watan Agustan 1910 wuta ta laƙume eka miliyan 3 a jihohin Aidaho da Montana da Washinton, ta kashe mutane fiye da 80. Bayan wannan bala'i, a 1935 tarayya ta kafa ƙa'idar cewa duk wutar da aka gani a kashe ta kafin ƙarfe 10 na safiyar washegari.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne Dokar Weeks ta 1911. An fi saninta da ba tarayya damar sayen dazuzzuka a gabashin ƙasar, amma akwai wani sashe a cikinta da ya ware dala 200,000 domin haɗa kai da jihohi wajen yaƙi da wuta. Sharaɗin shi ne jiha ta kafa tsarinta na kashe gobara, sannan ta zuba kuɗi daidai da abin da tarayya za ta bayar. Dokar Clarke-McNary ta 1924 ta ƙara faɗaɗa wannan haɗin kai. Da wannan kuɗi jihohi da dama suka gina rundunoninsu, kuma aikin da aka ɗora musu guda ne: su kare filayen jiha da na masu zaman kansu, su kashe wuta. Kai, kyakkyawan tsari ne a lokacinsa, don kowa bakinsa ɗaya.

Sai ga shi a 1978 tarayya ta ajiye ƙa'idar ƙarfe 10, bayan masana sun nuna cewa hana wuta gaba ɗaya na tara busassun itatuwa da ke zama makamashin wuta a daji. Jihohi ba su iya bin sahu ba, domin gidajen mutane da gonakin katako ne a hannunsu. Tun daga nan wutar da aka zuba wa ido a filin tarayya, in iska ta juya ta tsallaka iyaka, rundunar jiha ce ke tarar ta a bakin gari.